Ɗalibi na neman kawuna ɗari biyu a Jos, zaure ya ɗauki zafi

Sadiq Anatomi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam, kuma aikin kammala karatuna a kan awon kai ne. Ina neman mutum 200, maza da mata, daga shekara 18 zuwa sama. Ba allura, ba ɗibar jini. Faɗin kai da tsawonsa kawai zan auna, minti uku an gama. Akwai ɗan fom da za a cike: shekaru, jinsi, ƙabila. Duk wanda zai taimaka ya yi magana, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Rikkos: Kawuna ɗari biyu? A wannan marrar? Yaro faɗa mana gaskiya, wane Alhajin ne zai tsaya takara?

Sadiq Anatomi: Haba Yaya, kowa da kansa zai koma gida wallahi.

Maman Ilham: To ni ban gane ba. In ka auna sai me? Me kake nema a ciki?

Sadiq Anatomi: Anti, akwai wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartakin maƙera. Ana ɗora shi a gefe da gefen kai, sama da kunne, inda kai ya fi faɗi. Sannan a auna daga tsakanin gira zuwa ƙeya. Sai a raba faɗin da tsawon, a ninka da 100. Misali faɗi santimita 15, tsawo 19, ya ba da kusan 79. Abin da ya gaza 75 dogon kai ne, daga 80 zuwa sama mai faɗi ne ko mulmulalle, tsakaninsu matsakaici. Wani masani ɗan Suwidin, Anders Retzius, shi ya fito da lissafin wajen shekarun 1840. Yana da amfani ga likitocin tiyatar fuska da masu gano gawar da ba a san mai ita ba.

Alhaji Mai Hula: Ashe sana'ata ce aka kai jami'a aka sa mata kwat. Ɗana, shekara talatin ina zagaya tef ɗin tela a kan mutane a Taminus. Yawancin masu sayen hula 22 zuwa 23 suke sawa, jefi-jefi ka samu mai 21 ko mai 24. Ka zo rumfata ranar Asabar, kafin la'asar ka samu hamsin. Amma in gaya maka abin da na gani: akwai farfesan da nake kai wa zanna bukar, 21 da rabi yake sawa. Akwai kuma wani mai 24 cif, canjin dubu ɗaya sai na lissafa masa sau biyu.

Ticha Pam: Barka da yamma jama'a. Sadiq ɗana, ba na so in kashe maka gwiwa, karatu kake yi kuma muna alfahari da kai. Amma layi ɗaya a fom ɗinka ya tsaya mini a wuya: ƙabila. Na koyar da tarihi shekara da shekaru a Bukuru, kuma duk inda na ga an haɗa ƙarfen awon kai da tambayar ƙabila, na san inda hanyar ta taɓa kaiwa.

A Filadelfiya ta Amurka an yi wani likita, Samuel Morton. Ya tara ƙoƙon kan mutane wajen dubu daga sassan duniya, wasu daga kaburbura, wasu daga filin yaƙi, wasu na 'yan Afirka ne da aka kai bauta Kyuba suka mutu a can. Yakan cika ƙoƙon da ƙananan ƙwayoyin iri, daga baya ya koma ƙananan harsasan dalma, sai ya juye ya auna yawan abin da ya ci. A 1839 ya fitar da littafinsa Crania Americana, ya jera jinsunan mutane kamar matakala: Bature a sama, baƙar fata a can ƙasa. Masu kare cinikin bayi suka karɓe da hannu biyu, suka ce ga shi kimiyya ta tabbatar. Ba jahilai ne suka yi wannan aiki ba, manyan malaman zamaninsu ne.

Ɗan Rikkos: Wato mudu suka mai da kan mutum. Allah wadaran naka ya lalace.

Sadiq Anatomi: Baba, na gode, kuma mun karanta Morton. Sai dai akwai ƙarashen labarin. A 1981 wani masani, Stephen Jay Gould, ya zarge shi da karkatar da alƙaluma don su dace da ra'ayinsa. Amma a 2011 wasu masu bincike suka sake auna ɗaruruwa daga cikin ƙoƙunan nan da ke jami'ar Pensilbaniya, suka ga yawancin awonsa daidai ne. Ke nan ba awon ne ƙarya ba.

Ticha Pam: Ai ka faɗi abin da ya fi ba ni tsoro da bakinka. Da ƙarya ya yi a lissafi, da sauƙi, sai a gyara lissafi. Mutum ya auna daidai, sannan ya ce wannan lambar ita ce hankali, ita ce daraja, nan ne ɓarnar take.

Injiniya Gwarinpa: Ku yi haƙuri, ni fa ba na son a riƙa rufe magana da tausayi. Inji mai babban silinda ya fi ƙaramin ƙarfi. In ƙwaƙwalwa ta fi girma me zai hana ta fi aiki? Ai da girman ƙwaƙwalwa muka fi biri. In bincike ya nuna wasu sun fi wasu, sai mu haɗiye, ɗaci ba ya hana magani aiki.

Dakta Binta: Injiniya, tambayarka a kan hanya take, bari in amsa tsakanina da Allah. Tsakanin mutum da biri tazarar babba ce: ƙoƙon kan baligi yakan ci wajen mililita 1,350, wato leda uku na fiya wata saura kaɗan, na birin cimfanzi kuwa wajen 400. Amma tsakanin mutum da mutum labarin daban ne. Da aka yi ta hoton ƙwaƙwalwa da na'ura ana gwadawa da sakamakon jarrabawar basira, an ga akwai alaƙa, amma 'yar kaɗan ce, ba ta isa ka dubi mutum ɗaya ka yanke masa hukunci ba. Ƙwaƙwalwar Einstein giram 1,230 ce, ba ta kai matsakaicin ta maza ba. Marubucin Rasha Turgenev tasa ta haura giram 2,000, Anatole France na Faransa kuwa da ƙyar ta wuce 1,000, kuma shi ne ya ci kyautar Nobel ta adabi. Mutanen Niyandatal da suka ƙare tuntuni, ƙoƙon kansu ya kai namu, sau da yawa ma ya fi.

Sannan girman kai yana bin girman jiki da yanayin wuri. Mutanen ƙasashen ƙanƙara sukan fi faɗin kai, don jiki mai dunƙulewa ya fi riƙe ɗumi. Maza sun fi mata girman ƙwaƙwalwa da kusan kashi 10 cikin 100, kamar yadda suka fi su girman takalmi. Paul Broca na Faris, babban likita ne, har yau akwai sashen ƙwaƙwalwa mai kula da furta magana da ake kira da sunansa, amma da wannan bambancin ya kafa hujjar cewa mata ba su kai maza hankali ba. Ni da na yi shekara shida a makarantar likitanci ina ganin waɗanda ke zuwa na ɗaya, sai dai in yi dariya.

Ɗan Rikkos: In dai sanyi ke ƙara faɗin kai, to mu 'yan Jos mun gama da 'yan Sakkwato. Alhaji a tanadar mana 25 kafin Disamba.

Alhaji Mai Hula: Kai dai naka girman kan ba na tef ba ne, wanda Hausawa suka ce rawanin tsiya ne.

Injiniya Gwarinpa: Dakta na karɓi maganar mutum ɗaya ɗaya. Amma matsakaicin al'umma fa? Turawan nan duk ƙarya suka taru suka yi?

Dakta Binta: Ba duka suka yarda ba tun a lokacin. Abin da zai ba ka sha'awa, da gero aka fara rushe maganar. Wani Bajamushe, Friedrich Tiedemann, malami a Haidelbag, ya riƙa cika ƙoƙon kai da gero yana aunawa, na Turawa da na 'yan Afirka da sauransu. A 1836, shekara uku kafin littafin Morton, ya buga sakamakonsa a Landan ya ce bai ga bambancin da zai sa a ce baƙar fata na ƙasa da Bature ba, kuma ya fito fili ya soki bauta. A 1885 wani baƙar fata ɗan Haiti, Anténor Firmin, wanda yake cikin ƙungiyar masanan da Broca ya kafa a Faris, ya rubuta littafi guda a kan daidaiton jinsunan mutane yana warware hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba a saurare shi ba sai bayan fiye da shekara ɗari.

Shi kuma lissafin da Sadiq zai yi, a da an ɗauka tambari ne na jinsi, ba ya canzawa. Sai wani masani, Franz Boas, ya auna baƙin haure da 'ya'yansu sama da 17,000 a Niyok wajen 1910, ya ga yaran da aka haifa a Amurka siffar kansu ta ɗan sauya daga ta iyayensu. Har yanzu masana na jayayya a kan girman sauyin, amma dai an san abinci da yanayin rayuwa suna taɓa shi. Kuma da aka tattara awon dubban ƙoƙuna daga nahiyoyi, an ga mafi yawan bambancin yana cikin kowace al'umma ne, ba tsakaninta da wata ba. Bahaushe biyu na iya bambanta fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da Birom ko Bayarabe.

Malam Na Gangare: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu ma a littattafanmu akwai abin da ya yi kama da wannan, kada a ce Turawa kaɗai suka san duban jiki. Larabawa suna da ƙiyafa, gane dangantaka ta kamannin gaɓoɓi. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Mujazziz al-Mudliji ya ga ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama sun rufe kawunansu da mayafi, ya ce waɗannan ƙafafu sashensu daga sashe yake, alhali Usama baƙi ne, Zaidu fari. Ku lura, gwanin bai ruɗu da launi ba. Akwai kuma firasa, gane halin mutum ta siffar jikinsa, har Fakhruddin ar-Razi ya yi littafi a kai. Amma babu malamin kirki da ya ce za a auna ƙeyar mutum a san matsayinsa. Suratul Hujurat aya ta 13 ta gama magana: an yi mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafi daraja shi ne mafi taƙawa.

Abin da ya fi damuna a labarin Ticha shi ne ƙasusuwan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Wa ya ba su izinin tone kabari su jera kawunan bayin Allah a kanta?

Ticha Pam: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya ba su, kuma har yau ana karɓo su. Jamusawa sun yi wa ƙabilun Herero da Nama kisan kiyashi a Namibiya tsakanin 1904 da 1908, suka kwashi kawuna zuwa Balin don bincike. Sai a 2011 aka dawo da guda 20 na farko. Faransa ta mayar wa Aljeriya 24 a 2020, na mutanen da suka yaƙi mulkin mallaka. Na Sarki Mkwawa na Tanganyika kuwa har cikin yarjejeniyar da ta rufe yaƙin duniya na ɗaya aka rubuta a dawo da shi, amma sai 1954 ya iso gida. Gidan tarihin da ke riƙe da tarin Morton ma ya nemi gafara a 2021.

Sista Rifkatu: Ni dai ina roƙo, kada mutane su karanta wannan su ce daga yau ba mai sa wa ɗansu tef a ka. Kullum a wurin awon jarirai sai mun yi fama. Wata kaka ta taɓa fizge jikanta daga hannuna tana cewa ba za a gwada shi kamar za a yanka masa likkafani ba. Jariri lafiyayye kewayen kansa wajen santimita 34 zuwa 35 ne ranar haihuwa, kuma muna rubutawa a kati duk zuwa don mu ga yadda yake tafiya. In ya yi saurin girma fiye da ƙima, wataƙila ruwa ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma in an gano da wuri ana sa ɗan bututu a janye shi. In ya ƙi girma, shi ma alama ce. A Barazil a 2015 ta ƙananan kawunan jarirai aka farga da ɓarnar cutar Zika. Ko sikanin da ake yi wa mai ciki, faɗin kan ɗan tayi na cikin abin da ake aunawa a san watanninsa.

Maman Ilham: Sista tunda kin zo, don Allah maɗiga fa? Ta Ilham tana motsi kamar numfashi, surukata ta ce a shafa mata magani a rufe. Kuma tun ran suna take gasa mata kai da ruwan zafi tana dannawa wai don ya yi kyau, kada ta yi ƙeya.

Sista Rifkatu: Maman Ilham, motsin nan lafiya ne. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba tukuna, don ya iya fitowa lokacin haihuwa kuma ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Maɗigar gaba takan rufe da kanta tsakanin shekara ɗaya da biyu. Kada a shafa komai. Abin lura biyu ne: in ta faɗa ciki, musamman yaro na gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare, a ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya asibiti. In ta kumbura ta yi tauri ga zazzaɓi, wannan ma ba a kwana da shi. Dannawa kuwa ki lallaɓa Mama ta bari, tsawon da kai ke yi wajen haihuwa yana komawa da kansa cikin 'yan kwanaki.

Maman Ilham: Na gode Sista. Lallaɓa Mama kuwa sai dai babanta ya yi, ni ba ni ba.

Sadiq Anatomi: Baba Ticha, ga wani amfani da na san zai yi maka daɗi a matsayinka na malamin tarihi. A 1965 wani mai binciken kayan tarihi, Thurstan Shaw, ya tono wani ƙwarangwal a kogon Iwo Eleru kusa da Akure. Shekarunsa wajen 13,000. A 2011 aka sake auna ƙoƙon kan da na'ura, aka ga dogo ne mai kwantaccen goshi, ya fi kama da na mutanen da suka rayu tun da daɗewa ƙwarai fiye da na mutanen yau. Wato tarihin ɗan Adam a Afirka ta Yamma ya fi yadda aka zata sarƙaƙiya. Ba don awo ba, da wa zai sani?

Ticha Pam: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ka ga mu nan ba mu yi wannan sa'ar ba. Ƙasar yankin Nok tana da tsami, ta cinye ƙasusuwa, shi ya sa masu tono ba su samu ƙwarangwal ɗin mutanen ba. Kawunan da suka bar mana na yumɓu ne, irin waɗanda ke gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a nan Jos a 1952. Wani ma a gonar doya aka same shi an kafa shi yana korar tsuntsaye. Na sha kai ɗalibai, kuma ko yaushe sai wani ya tambaye ni, Ticha wace ƙabila ce wannan? In ce masa ban sani ba, shi ma wanda ya tono bai sani ba.

Amma bari in koma kan fom. A Ruwanda Turawan Beljiyam sun auna hanci da tsawo da kai, suka ce Tutsi jinsi ne na daban da aka halitta don mulki, a shekarun 1930 suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida. A 1994 da wannan katin aka riƙa tare hanya. Mu ma nan Turawan Ingila sun zo da irin tunanin: wai masu dogon hanci da hasken fata sun fi kusa da su don haka sun fi cancantar sarauta, mu na kan dutse kuma aka rubuta mu a wani aji. Ni da ku duk mun zauna a garin nan a 2001 da 2008 da 2010. Mun san abin da ake nufi da a leƙa mota a dubi fuskar mutum a yanke masa ko shi wane ne. Ƙanina an taɓa tsayar da shi, nasa ne suka kusa halaka shi don sun ce bai yi kama da su ba.

Hajiya Admin: Baba Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan waɗanda muka rasa ta kowane ɓangare. Jama'a a ci gaba, amma kada wanda ya kama sunan wata ƙabila da zargi, zan goge.

Injiniya Gwarinpa: Jikina ya yi sanyi da wannan. Sai dai har yanzu ina ganin ba a hana ɗalibi tambaya don wasu sun taɓa ɓata amsar. Yau ma ai wayarka fuskarka take aunawa kafin ta buɗe, haka wurin yin fasfo.

Dakta Binta: Ba hana shi za a yi ba. Sadiq, ga abin da zan tambaye ka da ni ce mai duba aikinka. Wanda ubansa Bafulatani ne, uwarsa Ngas, kakarsa Banufiya, ya tashi a Unguwar Rogo ba ya jin komai sai Hausa, wane akwati za ka sa shi? A Jos irinsa ba su ƙirguwa. In ka samu 77 a wannan rukuni, 78 a wancan, da mutum talatin talatin, me ka gano? Kuma ka yi tunanin ranar da wani zai ɗauki hoton shafi ɗaya na aikinka ya sa a Facebook da taken da ba kai ka rubuta ba. In don tiyata ko gano gawa ne, shekaru da jinsi da tsawo da nauyi da inda mutum ya girma za su fi yi maka amfani.

Sadiq Anatomi: Gaskiya Dakta, layin ƙabilar daga fom ɗin waɗanda suka gabace mu na kwafo, ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Gobe zan je wurin malamina da waɗannan tambayoyin. In ya ce dole a bar shi, zan roƙa a mai da shi na ganin dama, kuma ba zan rubuta sunan kowa ba.

Ticha Pam: In ka cire shi, ni ne na farko a layi. Sanƙo gare ni, ƙarfenka ba zai sha wahala ba.

Alhaji Mai Hula: To Asabar ƙarfe goma, rumfa ta uku in ka shigo ta wajen masu agogo. Ka zo da ƙarfenka, ni ina da tef da benci. Ticha kai ma ka zo in gwada ka, akwai wata damanga ruwan toka da ta daɗe tana jiran mai ita.

Ɗan Rikkos: Ni ma zan zo, amma a auna ni a ɓoye. Kuma Sadiq, in lambar ta fito ba daɗi, ka rubuta ta Injiniya ce.